Kilo Bakwai

Gingimari ya cire takalmi, ya tuɓe riga, ya zaro waya da makullai daga aljihu ya ɗora a kan buhu, sannan ya hau sikelin. Ba sikelin mutane ba ne, na sito ne, mai faffaɗan farantin ƙarfe da ake auna buhunan taki da na siminti a kai. Allurar ta yi rawa, ta wuce, ta dawo, ta tsaya. Bai iya duba ta da kansa ba. Ya kafa wa kwanon rufi ido yana jiran Akawu ya faɗa.

"Casa'in da biyar," in ji Akawu. "Da 'yar ɗoriya."

Casa'in da huɗu ake nema, kuma yau ake nema, da ƙarfe biyu na rana.

Akawu dattijo ne mai tsokana, shekararsa ashirin yana zaune a bakin wannan sikeli. Ya ba shi shawara ya je ya aske gemu, ya yanke farce, in da hali ya cire haƙori biyu na can ciki, tunda dai ya daina tauna. Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Da ya ɗago ya ga leɓen Gingimari ya tsattsage, idanunsa sun faɗa ciki, sai dariyar ta maƙale. Ya ce masa ya zauna yau, zai gaya wa mai sito ba shi da lafiya. Gingimari ya girgiza kai, ya ɗauki rigarsa.

Sunan da 'yan dako suka laƙaba masa ke nan tun shekarar da ya zo, don buhun da mutum biyu suke kamawa su ɗora wa na uku, shi kaɗai yake sunkuyawa ya saɓa, wani lokacin ya ce a ƙara masa ɗaya. Ba dogo ba ne can. Faɗi gare shi, wuya kamar turmi, kafaɗa kamar an gina ta. Yana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, Auta, malamar firamare, wadda shi ya goya ta tana jaririya. Shekara ɗaya da rabi ke nan ƙodojinta sun daina aiki. Sau biyu a mako ake kwantar da ita a jikin na'ura a wanke mata jini. Jijiyar hannun da ake haɗa ta da na'urar ta toshe har sau biyu, yanzu bututu aka sa mata a wuya, kuma bututun nan kullum cikin jawo mata zazzaɓi yake. Mutum biyar a dangi aka gwada, jininsa ne kaɗai ya dace da nata. Likitocin da suke yin dashen ƙoda daga nesa suke zuwa, sau biyu a shekara, kuma an rubuta sunan Auta a ranar Alhamis mai zuwa.

Mako uku da suka wuce ya je asibitin don a fara masa awo. Ya sha ado da babbar riga mai faɗi, saboda yana ganin asibiti wuri ne na manya. Wata nas ƙarama, layin mutum arba'in a bayansa, ta sa ya hau sikeli, ta jingina shi da bango ta auna tsayinsa, ta buga lambobin biyu a kwamfuta. Wani ɗan akwati a fuskar kwamfutar ya koma ja. Ta yi masa bayani da sauri, idonta a kan akwatin: akwai lissafi na nauyi da tsayi, nasa ya ba da talatin da huɗu, dokar asibiti kuwa ba a cire ƙodar wanda ya haura talatin da biyu, don mai ƙiba yana cikin haɗari a tiyata da bayan tiyata. Kilo ɗari da ɗaya gare shi. Ta yagi takarda ta rubuta 94 da kwanan wata, ta ce ya rage kilo bakwai ya dawo, ranar likita za ta gan shi. Ba muguwa ba ce. Aiki ne ya yi mata yawa, kuma kwamfuta ta riga ta yi magana.

Shi kuwa bai tambayi komai ba. Mutum ne da ba ya shakkar tirela cike da kaya, amma ka nuna masa takarda mai tambari, sai ya yi laƙwas kamar yaron da aka kama da laifi. Ya ninke takardar ya ce na gode.

Da ya koma gida ya tsaya a gaban madubi yana neman ƙibar da aka ce yana da ita. Ya matsa ciki, ya matsa cinya, bai sami abin da zai kama da yatsa biyu ba. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce shekara goma sha ɗaya tana neman wuri mai laushi a jikinsa da za ta jingina kai ba ta samu ba, ashe kwamfuta ta riga ta ganowa. Ta ce ya koma ya nuna musu jikinsa. Ya ce mutanen da suka yi karatu sun auna sun faɗa, shi wane ne da zai je yana tuɓe musu riga.

Ya bar abincin dare, sannan ya bar na safe. Kwana goman farko kilo huɗu suka tafi, har ya fara murna. Daga nan sikeli ya kafe. Mai teɓa yana da abin da zai zubar, shi kuwa ba shi da ajiya, sai jikin ya koma cin kansa, ƙarfi yana raguwa, allura tana nan inda take. Kwana biyar yana hawa yana sauka a kan casa'in da bakwai. A nan ne iliminsa na dako ya cuce shi. Ya san nauyin komai da ka: buhun taki hamsin, katan ɗin sabulu goma sha biyu, jarkar ruwa mai lita ashirin kilo ashirin. Wato lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ya taɓa ji a rediyo cewa yawancin jikin mutum ruwa ne. Da wannan lissafin ya shiga wani kemis a bayan tasha, aka ba shi 'yan ƙwayoyi farare masu sa fitsari. Ya yanke leda ya naɗe ƙirji da ciki a ƙarƙashin riga don ya yi ta zufa. Kwana uku ke nan ruwa bai wuce maƙogwaronsa ba, sai dai ya kurkure baki ya tofar. Da ciwon kai ya matsa masa, ya riƙa haɗiyar maganin ciwon jiki biyu-biyu, da yawu kawai. Matarsa ba ta san da ƙwayoyin ba, ya ɓoye su a cikin safa.

Yanzu saura kilo ɗaya da ɗoriya, saura awa shida.

Motar taki tana tsaye a bakin sito, an jingina mata katako. Ya shiga bayan buhuna ya ɗaure ledarsa tam, ya mayar da riga, ya shiga layi. Buhu na farko ya ji shi kamar biyu. Ya sauko kan katakon a hankali, ledar tana ƙara a jikinsa, abokan aiki suna tsokanarsa wai amarya ta sa sabon kaya. Ya yi goma, ya yi ashirin. Rana ta ɗago. Wajen buhu na talatin ya lura da abin da ya tsinka masa zuciya: yana jin zafi kamar an hura masa wuta a ƙirji, amma goshinsa a bushe yake ƙamas. Ya shafa ya duba tafin hannu, babu ko ɗigo. Zufar da ya zo nema ta ƙare.

Ya sake hawa. Ya saɓa buhu, ya juyo, ya taka katakon, sai duniya ta yi duhu daga gefe-gefe, kamar ana rufe taga. Cinyarsa ta dama ta ɗaure. Bai san lokacin da gwiwarsa ta daki ƙasa ba, sai ƙarar fashewar buhu ya ji, taki ya watse fari fat a gabansa. Aka yi kansa. Wani ya kawo ruwa a roba yana neman ɗura masa a baki, ya kau da kai ya datse haƙora, ruwan ya bi gemunsa ya gangara. Sanyin da ya taɓa leɓensa ya kusa sa shi kuka. Ya ce santsi ne ya kwashe shi, su bar shi.

A banɗaki ya daɗe a tsaye. Abin da ya fito bai cika cokali uku ba, kuma launinsa kamar baƙin shayi. Ya tsaya yana kallonsa, gefen bayansa yana yi masa wani nauyi da bai saba ji ba. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, amma ya gaya wa kansa ƙarfe biyu ta kusa, bayan awo zai sha jarka guda in ya ga dama.

Ya koma sikeli da sha biyu saura. Akawu ya gyara gilashi, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce casa'in da huɗu cif. Sai ya sosa ƙeya, ya ƙara da cewa shi dai gaskiya zai faɗa masa, sikelin nan tsoho ne, wani lokaci yakan ci rabin kilo, wani lokaci ya ƙara, ya danganta da inda aka dafa shi. Da ma bai faɗa ba. Gingimari ya fita da wannan rabin kilon a zuciyarsa, ya fi duk buhunan da ya ɗauka nauyi.

A cikin bas, a hanyar asibiti, wayarsa ta yi ƙara. Wata shida ke nan duk ƙarar waya sai ya zaci mugun labarin Auta ne da yake gudu. Matarsa ce. Ta ce zazzaɓin ya dawo wa Auta da asuba, an kai ta wankin jini yau maimakon gobe, Inna, mahaifiyarsu, tana wurinta. Ta tambaye shi ko ya sa wani abu a bakinsa. Ya ce ya sha shayi. Ta san ƙarya yake yi mata, amma ta ce Allah ya ba da sa'a.

Wata mata a kujerar gaba ta buɗe gorar ruwa mai sanyi, ta sha rabi, ta zuba sauran a hannu ta wanke wa ɗanta fuska. Ya rufe ido. Harshensa ya kumbura ya cika masa baki. Zuciyarsa tana bugawa uku a jere, ta tsaya kamar tana tunani, ta ci gaba. Ba mutuwarsa yake tsoro ba, bai ma kai tunani can ba. Akwatin nan yake gani, ja, da nas tana cewa na gaba, da kansa yana shiga ɗakin na'ura ya tsaya a kan Auta ya ce mata yayanki ya kasa, rabin kilo ya kayar da shi. Mako uku kullum sai ta tambaye shi nawa ya rage, tana yi masa dariya wai za ta karɓi ƙodar mai ƙiba. Ya san dariyar ta ƙarfin hali ce. Ita ma ƙirga kwanaki take yi.

Ɗakin awo yana nan yadda ya bar shi, da benci, da layi, da nas ɗin nan ƙarama. Da layi ya zo kansa ya cire takalmi ba a ce ya cire ba, ya fitar da duk numfashin da ke ƙirjinsa, wai ko iska ma tana da nauyi, ya hau. Lambobi suka yi ta tsalle. Casa'in da uku da ɗigo takwas. Ta buga, akwatin bai yi ja ba. Ta ɗago a karo na farko ta yi masa murmushi, ta ce ya yi ƙoƙari, mutane da yawa ba sa iyawa. Ya dafa bango don kada ya zube, shi kansa bai san ko murna ce ko jiri ba.

Aka tura shi ɗibar jini. Mai ɗibar ya ɗaure masa damtse, ya bubbuga, ya murza, yana mamakin ƙaton hannu haka ba jijiya a fili. Sai a karo na uku jinin ya fito, a hankali, baƙi-baƙi, mai kauri. Aka ba shi 'yar kwalba ta fitsari, ya dawo da ita ko gindinta bai rufe ba. Aka ce ya jira. Akwai famfon sha a ƙarshen baranda, ya zauna yana kallonsa awa biyu, bai tashi ba, don yana tsoron kada likita ta ce a sake awo a gabanta.

Likitar 'yar dattijuwa ce siririya, gilashinta a rataye da zare. Ta karanta fayil ɗinsa, ta dube shi, ta sake duba fayil ɗin. Ta ce ya tuɓe riga. Ya tuɓe yana jin kunya, don ledar ta bar masa ƙuraje jajaye a ƙirji da ciki. Ta zagaye shi sau ɗaya. Ta buɗe durowa ta ɗauko tef irin na tela, ta zagaya masa a ƙugu, ta karanta. Ta tsunkuli fatar cikinsa, ta bayan damtsensa, ba ta kama komai ba. Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa.

"Wa ya ce maka kana da ƙiba?"

"Kwamfuta ce, ranki ya daɗe."

Ta cire gilashin ta murza ido. Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai magana da ɗanta. Lissafin nan abu biyu kawai ya sani, nauyi da tsayi. Bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ƙashi ba. A wurinsa kilon teɓa da kilon damtse duk ɗaya ne. Ga yawancin mutane yana ba da haske, shi ya sa aka sa shi a bakin ƙofa, amma in ya haɗu da ɗan dako ko maƙeri ko ɗan dambe sai ya yi ta sharara ƙarya. Abin da suke tsoro kitsen ciki ne, shi kuwa ƙugunsa bai kai na rabin ma'aikatan asibitin ba. In akwatin ya yi ja, abin da ya kamata shi ne a turo mata mutum ta gan shi da idonta. Ranar nan tana ɗakin tiyata.

"Da ka shigo nan da kilo ɗari da ɗayanka," in ji ta, "da tun ranar na sa hannu."

Ya ji maganar ta wuce ta kansa kamar ba da shi ake ba. Mako uku. Ya buɗe baki zai yi dariya, leɓensa ya tsage, ya ɗanɗani jini. Amma ba komai, ya gaya wa kansa, wahala ce ta riga ta wuce, ga hannu za a sa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka miƙo takardar gwajin jini. Likita ta mayar da gilashi. Ya ga idonta ya tsaya a layi ɗaya. Ta jawo tsohuwar takardar ta mako uku da suka wuce ta ajiye su gefe da gefe. Sannan ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, yadda aka yi ya zubar da kilo bakwai.

Ya faɗa mata duka, da farko har da ɗan alfahari: abincin da ya bari, ledar, lissafin lita da kilo. Ya zaro ragowar ƙwayoyin daga safa ya ajiye mata a tebur, farare da na ciwon jiki. Yana cikin magana ya ga fuskarta, sai muryarsa ta riƙa ƙanƙancewa har ta ɗauke.

Ta juyo da takardun biyu wajensa ta nuna da biro. Wannan lamba, in ji ta, dattin da ƙoda take tacewa ne. Mako uku da suka wuce ƙodojinsa suna cikin mafi kyau da ta gani a bana. Yau lambar ta ninka har ta wuce. Ya hana su ruwa, ya matse su da ƙwaya, ya ɗora musu maganin ciwon jiki, ya kuma yi ta ɗaukar kaya a rana.

"Ƙodar da ka zo bayarwa, ita ka yi kwanaki kana duka, bawan Allah."

Ɗakin ya yi masa wani irin sanyi. Ya tambayi Alhamis. Ta girgiza kai. Ba za ta cire ɗaya daga cikin ƙodoji biyu masu rauni ba, ta bar shi da mai ciwo, ta kuma dasa wa ƙanwarsa mai ciwo. Ya tambaya ko za su warke. Ta ce yawanci suna warkewa in an tare abin da wuri, amma ba za ta rantse masa ba, sai an yi masa ƙarin ruwa yau, a sake gwaji bayan mako biyu, a kuma sake bayan wannan. Likitocin dashe kuwa ranar Asabar za su tafi.

"Yaushe za su dawo?"

"Bayan wata shida."

"Auta za ta kai?"

Likita ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ta ce za su lura da bututun wuyan sosai, za ta kuma rubuta wa wani asibiti ko za a sami gurbi kafin lokacin. Ya jira ta ce za ta kai. Ba ta ce ba.

Sai ga Gingimari a ƙasa, gwiwa biyu, hannunsa a kan gefen teburin. Ya roƙe ta ta cire haka nan, ya ce shi ya yafe, zai sa hannu a duk takardar da aka kawo, in ya mutu babu mai tuhumarta. Ta bar shi ya gama. Ta ce ta ji, kuma a'a. Ta kama shi a gwiwar hannu, ita da ba ta kai nauyin buhu guda ba, ta ce ya tashi.

Nas ɗin nan ƙarama aka kira ta sa masa ruwa. Da alama an riga an yi mata magana a waje, don idanunta sun yi ja. Ta ce ya yafe mata, ita abin da aka koya mata ta bi. Ya nemi fushi a ransa, ya lalube ko'ina, bai samu ba. Ita ta kalli akwati ba ta kalle shi ba, shi ma takarda ya kalla bai kalli kansa ba. Ya ce mata ba komai, ta soka kawai.

Leda ta farko ta ƙare, aka rataya ta biyu. Ya kwanta yana kallon ɗigon yana sauka, yana tsara yadda zai faɗa, duk yadda ya juya maganar sai ta fito da muni. Dab da magariba ya kasa jurewa. Ya tashi ya kama ƙarfen da aka rataye ledar, ya tura shi a kan tayoyinsa, ya bi baranda a hankali zuwa ɗakin wankin ƙoda. Inna tana kan benci a waje, barcin gajiya ya sace ta a zaune. Bai tashe ta ba.

Gado shida ne a ɗakin, kowanne da na'urarsa tana gurnani. Auta tana na ƙarshe, an lulluɓe ta da bargo, igiyoyi biyu jajaye sun fito daga wuyanta. Ta rame har kunnuwanta sun yi girma. Ta buɗe ido ta gan shi, ta ga ƙarfen da yake turawa, ta ga filasta a hannunsa. Murmushin da ta fara ya tsaya a hanya.

"Yaya, nawa sikeli ya ce?"

"Na ci awo," ya ce. "Casa'in da uku."

"To wannan fa?"

Ya ja kujera ya zauna, ya faɗa mata. Bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ya ce ashe tun farko ba shi da ƙibar, ya ce Alhamis ta wuce su, ya ce wata shida. Yana magana yana kallon tayal ɗin ƙasa. Ya ɗago ya ga ta kafa wa silin ido, leɓenta yana motsi, ya gane watanni take ƙirgawa. Hannunta ya tafi wuyanta ya taɓa gefen bandejin, ya dawo. Tsoron da ya gani a fuskarta bai taɓa ganin irinsa ba, ko ranar da aka fara gaya mata ciwon.

Ta haɗiye tsoron a gabansa, yana kallo. Ta ce da ma tun suna yara shi ba a aikensa sau ɗaya, a ce ya kawo itace sai ya tumɓuko bishiya. Ya so ya yi dariya, abin ya fito kamar tari.

A kan 'yar durowar gefen gadonta akwai kofin roba mai murfi, an ja masa layi da biro. Masu ciwon ƙoda a ƙirge ake ba su ruwa, abin da ke cikin kofin nan shi ne rabonta har gobe, da cokali take shan sa don ya kai ta. Saura kamar yatsa uku. Leɓenta ya fi nasa bushewa. Ta miƙa hannu da ƙyar, ta cire murfin, ta turo kofin wajensa.

"Sha."

Ya ce ga ruwa nan ana ɗura masa leda-leda, ta bar abinta.

"Ba kai nake ba wa ba, Yaya. Tawa ce a cikinka, ƙishi take ji." Ta numfasa. "Ka riƙe mini ita da kyau. Ni ma zan yi ƙoƙari in jira."

Ya ɗauki kofin da hannu biyu. Ya kafa baki ya sha a hankali, ita kuma tana bin maƙogwaronsa da ido, tana haɗiyar yawu duk lokacin da ya haɗiya, har ya shanye.